Awo Huɗu, Riga Ɗaya

A duk Sabon Gari babu macen da ta kai Uchechi alfahari da miji, kuma ba ta jiran a tambaye ta. Ka ce mata yau rana ta yi zafi, za ta bi da kai ta nan, ta bi da kai ta can, sai ka tsinci kanka kana sauraron labarin Celestine, telan da ya shekara ashirin da shida yana ɗinka wa mata kaya amma bai taɓa ɗora tef a jikin matar wani ba.

Abin haushin kuma gaskiya take faɗa. A shagonsu na titin Enugu aiki rabe yake. Mace ta shigo, Uchechi ta ja ta bayan labule, ta zagaya tef a kafaɗa da ƙirji da ƙugu, ta fito ta rubuta lambobin a wani dogon littafi mai baƙin bango. Shi Celestine lambobi kawai ya sani. Ya leƙa littafi, ya ja alli, ya sa almakashi, riga ta fito ta zauna ɗas a jikin mai ita. Shi ya kafa wannan doka tun satin da aka ɗaura musu aure a coci. Ya ce ya san halin idonsa, kuma tun yana yaro a ajin katikisim, inda ake koyar da addini a coci, aka koya masa cewa zunubin sha'awa a zuciya yake farawa tun kafin hannu ya motsa, don haka ba zai je inda ya san zai iya zamewa ba. Saboda wannan doka har magidantan Fagge masu zafin kishi suke barin matansu su zo shagon.

Su biyun haihuwar Sabon Gari ne, Hausa a bakinsu kamar jakin Kano. Da Ibo suke addu'a, da Hausa suke ciniki, da ita kuma suke faɗa in ta kama.

To sai 'yarsu Precious ta haihu a Fatakwal. A al'adar Ibo uwa ce ke zuwa ta zauna wa 'yarta jego, abin da suke kira omugwo, don haka Uchechi ta ɗaure kaya za ta yi wata uku. Kafin ta tafi ta tsara wa mijinta komai kamar mai barin yaro a gida. Tsofaffin kwastomomi awonsu na cikin littafi. Sabuwa kuwa ta kawo tsohuwar rigarta da ta yi mata daidai, a shimfiɗa a tebur a auna. Celestine ya ce to.

Tana can tana wankan jika Madam Ifunanya, shugabar ƙungiyar matan cocinsu, ta kira ta a waya. An zaɓe ta cikin mata uku da za a naɗa Ezinne, wato uwa ta gari, ranar Lahadin iyaye mata. Ba kowace ake ba wannan ba. Sai an duba gidanki, an duba 'ya'yanki, an duba yadda kike zaune da mijinki. Uchechi ta ajiye waya ta taka rawa a tsakar ɗaki har jaririn ya farka. Ta dawo Kano ranar Juma'a, saura kwana tara bikin, ta ƙara ƙiba, ta ƙara baki.

Ranar Lahadi suka zauna a bencinsu na kullum, na uku daga gaba, shi a bakin hanya, ita a ciki. Aka yi karatu, aka yi wa'azi, aka zo lokacin karɓar Jibin Ubangiji, wato tsarkakakkiyar gurasar da ake shiga layi a karɓa daga hannun Fada. A cocin Katolika dokar a fili take: wanda ke ɗauke da babban zunubi bai je ya yi ikirari, wato ya furta zunubinsa a gaban Fada ba, ba ya shiga layi. Ba mai tsare ka, ba mai tambayar ka, kai da zuciyarka ne. Sai dai in ka zauna kowa yana ganin ka zauna, kuma matan benci na huɗu idonsu ba ya kuskure.

Uchechi ta miƙe, ta gyara zani, ta tsaya tana jiran Celestine ya tashi ya shige gaba kamar yadda ya saba shekara ashirin da shida. Bai tashi ba. Sai ya karkatar da gwiwoyinsa gefe don ta wuce.

Ta sunkuya ta raɗa masa, "Baban Precious, lafiya? Ciwon ƙafar ne?"

"Wuce, ana jiran ki," in ji shi.

Ta wuce. Yadda ta kai gaban Fada da yadda ta dawo, ita kanta ba ta sani ba. Abin da ta lura da shi ɗaya ne, kuma shi ya fi ƙona mata rai: babu wanda ya yi mamaki. Matan benci na huɗu ba shi suke kallo ba, ita suke kallo, irin kallon da ake yi wa wanda labari bai kai gare shi ba tukuna.

Suna shiga gida ko ɗankwali ba ta cire ba ta tare shi. Ta ma kawo masa mafita da kanta, don akwai dokar cewa ba a cin komai awa guda kafin karɓar Jibi.

"Shayi ka sha ka manta, ko? Ka ce shayi ka sha. In an tambaye ni haka zan ce."

"Ban sha shayi ba, Uche."

"To me ka yi?"

Ya zauna a bakin kujera yana murza hularsa. "Zan gaya miki. Ki bar ni in samu bakin faɗa."

"Yau ne na farko?"

"Na shida."

Lahadi shida! Ita tana can Fatakwal tana cika wa surukai kunne da labarin mijinta, shi yana nan zaune a benci kamar buhun garin kwaki, coci guda na kallo. Ranar ba ta ci abincin rana ba, kuma duk wanda ya san Uchechi ya san ba ƙaramin abu ke raba ta da abincin rana ba.

Ba ta jira ya samu bakin ba. Litinin da safe ta riga shi zuwa shago, ta ɗauko littafin awo, don a nan ne kaɗai aka bar shi ba mai tsaro. Shafi bayan shafi rubutunta ne, manya-manya kamar na allo. Can sai ga nasa, ƙanana a kwance. Adaugo: kafaɗa sha biyar, ƙirji talatin da takwas, ƙugu talatin da biyu. Ta juya shafi. Adaugo kuma, bayan kwana takwas. Ta sake juyawa, Adaugo. Ta sake, Adaugo. Sau huɗu, kuma ko rabin inci bai canza ba. Ta ɗaga kai, sai ga leshi ruwan toka a can saman kantar kaya, a naɗe, almakashi bai taɓa shi ba.

Ta san Adaugo. Malamar firamare ce da ke zaune a Kwaciri, tana waƙa a kwayar coci, mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce. Doguwa, mai magana a hankali. Uchechi ba ta taɓa ganin ta da kyau ba sai a wannan safiyar, da ta zauna tana tuno ta gaba da baya.

Celestine ya shigo ya tarar da littafin a buɗe a kan teburin yanka. Ya jawo kujera ya zauna.

"Awo huɗu, riga ɗaya," in ji ta. "Koya mini wannan sabon ɗinkin, Oga Cele, ni ban iya shi ba."

Ya faɗa mata tiryan-tiryan, idonsa a ƙasa. Adaugo ta kawo leshi tana son rigar da za ta sa ranar iyaye mata, don tana cikin masu kai baiko, wato kyautar da ake miƙa wa Allah, gaban bagadi. Tsofaffin rigunanta duk sun yi mata yawa tun da ta rame a takaba, babu wadda za a shimfiɗa a auna. Ya ce wa kansa sau ɗaya ne, larura ce, ya bar labule a buɗe ya auna ta. Bayan sati ya kira ta ya ce awon ya ɓace. Na uku ya ce lambar hannu ce ba ta fito ba. Na huɗu ma ya manta ƙaryar da ya yi.

"Hannuna bai wuce inda tef ya tsaya ba," ya ce. "Allah shaida ne. Amma tef ɗin ba don riga na ɗora shi ba, kuma wannan ma Allah shaida ne."

"Ita fa?"

"Ki bar ta. Ba ruwanta."

Da ya san mata yadda ya san leshi da bai faɗi wannan ba. Uchechi ta ji kamar an watsa mata barkono a ido. Har kare ta yake yi!

"To me ya hana ka zuwa wurin Fada ka wanke kanka, ka huta, mu huta?"

"Na je sau biyu. Na tsaya a layi, da aka kusa zuwa kaina na juyo. Ikirari ba ya yiwuwa sai da niyyar dainawa, kin sani. Ni kuwa in na ji takun takalmi a bakin shagon nan sai zuciyata ta yi tsalle. Shi ya sa ban yanka leshin ba. In na yanka na ɗinka, ta karɓa ta tafi ke nan. Ta yaya zan durƙusa in ce na tuba alhali leshin yana can sama ina ajiyarsa?"

Ta so ta jefe shi da dutsen guga. Ta so ta yi kuka, amma ta hana kanta, don ba za ta yi kuka a kan titin Enugu masu sayar da burodi su ji ba. Ta rufe littafin da ƙarfi.

"Ka ji ni da kyau. Lahadi mai zuwa za a rataya mini ɗamarar Ezinne. 'Yan'uwana za su zo daga Zariya, an ɗauki mai hoto. Mu za a fara kira mu karɓi Jibi, kowace da mijinta. Ko ka yi ikirari ko ba ka yi ba, za ka tashi. Wa zai sani?"

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta. "Ki ce in yi miki komai, Uche, zan yi. In kwana a waje, in rufe shagon, duk zan yi. Amma ba zan buɗe baki in karɓi Ubangijina a kan ƙarya don a tafa mana ba."

Ta ja tsaki ta fice. A ranta tana cewa ga mutum ya ɓata mata suna kuma yana yi mata wa'azi.

Ranar Laraba ita da Madam Ifunanya suka shiga Kantin Kwari karɓo ɗankwalayen anko a shagon Alhaja Kafayat, wata Bayarabiya da Uchechi ta shekara goma sha biyar tana sayen atamfa a wurinta. Ana ta turereniya da masu ɗaukar dila, suka samu benci suka zauna. Madam Ifunanya irin matan nan ne da ke tambayar lafiyarka suna leƙen cikin jakarka. Ta gyara tabarau ta ce, a hankali, wasu 'yan kwamiti suna ta magana a kan zaman da Oga Cele ke yi a benci. Ita dai ta ce musu ba komai. Amma Ezinne, ai an san gida ake dubawa.

A nan ne Uchechi ta yi abin da ta yi. Ta ga ɗamarar tana sulluɓewa daga kafaɗarta, ga kuma wutar da ke cin ta tun Litinin tana neman inda za ta fita.

"Mijina kin san shi," ta ce. "Mutum ne mai tsoron Allah har ya yi yawa, ko ƙuda ya sauka masa sai ya ce ya yi zunubi. Amma in mace ta ga matar gida ta yi tafiya, ta riƙa zarya shago sau huɗu a kan riga ɗaya, wai a sake auna ta, me kike so bawan Allah ya yi? Ku dai ku riƙa duba waɗanda kuke sa wa rigar kwaya. Ba kowace malama ce ke koyar da abin kirki ba."

Ba ta ambaci suna ba. Ba ta bukata, malama ɗaya ce a kwayar. Madam Ifunanya ta dafe ƙirji ta ce Yesu, idonta kuwa yana ƙyalli kamar an ba ta kyauta.

Da shugabar ta fita neman mai ɗauko kaya, Alhaja Kafayat, wadda tun ɗazu take ninke atamfa kamar ba ta ji, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Maman Precious, da idonki kika gani?"

"Na gani a littafi."

"Wa ya rubuta a littafin?"

Uchechi ta ce ɗankwalayen nan kalarsu ba ta yi daidai da samfurin ba. Kalarsu kuwa daidai take.

Alhamis da safe Celestine ya taka kujera ya sauko da leshin. Ya shimfiɗa shi, ya yi alamar gicciye, ya ja alli. Ya daɗe riƙe da almakashi kafin ya sa, har Uchechi da ke satar kallonsa daga bayan keke ta ji haushin daɗewar. Da ya fara kuma bai tsaya ba. Ranar ya yanka, Juma'a ya ɗinka, Asabar da hantsi ya goge ya rataye. Ƙarfe huɗu ya wanke fuska ya sa farar rigarsa.

"Na tafi wurin Fada," ya ce. "Na aika wa Adaugo ta zo ƙarfe biyar ta karɓa. Na zaɓi lokacin da ba na nan. Daga yau in kin yi tafiya, rufe littafin za mu yi har ki dawo."

Ya fita ya bar Uchechi a shago. Ta zauna ta shirya maganganun da za ta gasa wa Adaugo, ta jera su ɗaya bayan ɗaya, har da inda za ta tsaya ta yi dariya.

Biyar da 'yan mintuna Adaugo ta shigo, da ledar littattafan 'yan makaranta a hannu, gumi ya jiƙa mata wuya. Ta rusuna har ƙasa.

"Mama, sannu da dawowa. Ya mai jego, ya jariri? Ga wannan, ba yawa." Ta miƙo safar jarirai guda biyu, saƙar hannu.

Uchechi ta karɓa don ba ta san yadda ake ƙin safar jariri ba. Ta nuna mata bayan labule da haɓa. Adaugo ta sa rigar ta fito, riga ta zauna ɗas. Ai dole, an auna ta sau huɗu. Uchechi ta buɗe baki za ta fara karatunta, sai Adaugo ta leƙa waje, ta matso kusa, ta rage murya.

"Mama, don Allah kar ki ji haushi. Akwai maganar da nake riƙe da ita tun kina can, na ce sai kin dawo."

To, ga ta nan, in ji Uchechi a ranta. Ta gyara tsayuwa.

"Ki kai Baba asibiti a duba shi. Mantuwa ta fara kama shi. Sau uku yana kira na wai a sake awo, ina tasowa daga Kwaciri cikin rana. Na ƙarshen ma da na zo, ya rasa me ya kira ni in yi, ya tsaya yana kallon bango. Hannunsa har rawa yake in ya riƙe tef. Haka mahaifina ya fara, muka ɗauka wasa ne. Ban gaya wa kowa ba, Mama, kar a ce tsufa ya kama shi kwastomomi su gudu. Ina sa shi a addu'a kullum."

Duk maganganun da Uchechi ta jera suka watse. Ta dubi fuskar yarinyar tana neman wayo ko izgili, ba ta samu komai ba sai damuwa. Baba take ce masa. Ashe duk zaryar nan, a wurinta tsoho take taimaka wa.

Adaugo ta shafa hannun rigar ta yi ɗan murmushi. "Ta yi kyau. Sai dai ban san inda zan sa ta ba yanzu. Jiya Madam Ifunanya ta aiko cewa an cire ni daga masu kai baiko, kuma in ɗan huta da zuwa kwaya. Na gaida mata biyu a kasuwa suka kau da kai. Na yi ta tunani, ban gano me na yi ba. Tun da maigidana ya rasu, waƙar nan ce kaɗai ke fitar da ni cikin mutane."

Uchechi ta nemi kujera ta zauna. Abu biyu suka taso mata lokaci ɗaya. Na farko kunya ce, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Na biyu kuwa, abin mamaki, alfahari ne, kuma ya fi duk wanda ta saba yi a kasuwa nauyi. Babu mahalukin da ya san abin da ke zuciyar Celestine, har ita matar da abin ya shafa. Da ya tashi ya shiga layi ba wanda zai ce uffan har abada. Amma mutumin nan ya zauna Lahadi shida a benci na uku, ana nuna shi da baki, saboda abin da daga shi sai Allah suka sani. Ita kuwa da aka zaɓa uwa ta gari, minti biyu ya ishe ta ta kashe wa baiwar Allah suna a kan bencin Kantin Kwari.

"Ki goge rigarki," ta ce da ƙyar. "Gobe za ki sa ta."

Ta rufe shago ta tari adaidaita zuwa coci. Ta tarar an tashi daga ikirari, Fada ya tafi wani ƙauye bayan gari, sai gobe daf da sujada zai dawo. A bakin ƙofa ta ci karo da Celestine yana fitowa, fuskarsa sakayau kamar wanda zazzaɓi ya saka. Ta ce ya wuce gida, tana da wurin zuwa.

Gidan Madam Ifunanya ta je, ta same ta tana gugar anko. Ko zama ba ta yi ba.

"Maganar da na faɗa miki ranar Laraba ƙarya ce. Yarinyar nan ba ta yi komai ba. Mijina ne ya riƙa kiran ta, ita ba ta ma san dalili ba. Ni na ƙulla mata."

Madam Ifunanya ta ajiye dutsen guga. "Maman Precious, ki rufa wa kanki asiri. Ki yi shiru a gama biki, Litinin sai mu san yadda za a gyara."

"Gobe za a gyara. In ban ga Adaugo a layin baiko ba, ki rataya wa wata ɗamarar. Kuma duk wadda kika gaya wa, ki koma ki ce Uchechi ce ta yi ƙarya. Ki faɗi sunana, kar ki ce wata."

Lahadi coci ya cika har waje. Aka kira mata uku gaba, aka karanta tarihinsu, aka rataya wa kowace farar ɗamara mai rubutun zinariya. 'Yan'uwa daga Zariya suka yi guɗa irin tasu, mai hoto yana ta durƙuso yana tashi. Aka zaunar da su a bencin farko, kowace da mijinta a gefe. Da aka zo kai baiko, Adaugo ta taho a layi cikin leshi ruwan toka, riƙe da kwandon 'ya'yan itace, tana waƙa. Celestine ya sunkuyar da kai har ta wuce, Uchechi kuwa ta bi ta da kallo har gaban bagadi.

Sai lokacin Jibi ya yi. Mai sanarwa ya ce iyayenmu Ezinne su fara, tare da mazajensu. Biyun suka tashi suna gyara ɗamara. Celestine ya miƙe, karo na farko cikin sati bakwai, ya tsaya yana jiran matarsa. Yau ita ce a bakin hanya.

Ta karkatar da gwiwoyinta gefe don ya wuce.

Ya tsaya sororo. Ya sunkuyo ya raɗa mata, "Uche, shayi kika sha?"

"Ban sha komai ba. Wuce, ana jiran ka."

Ya dube ta, ya dubi inda 'yan kwaya suke, ya sake dubanta. Shekara ashirin da shida ba wasa ba ne, bai ƙara tambaya ba. Ya ɗan taɓa kafaɗarta ya wuce.

Mai hoto ya sauke kyamara ya rasa wa zai ɗauka. Madam Ifunanya tana ta yi mata alama da ido daga can gefe kamar idon zai faɗo. Ƙus-ƙus ya taso daga baya, benci bayan benci, Uchechi tana jin sa a ƙeyarta. Ta san kafin a tashi labarin ya kai titin Faransa: an naɗa Ezinne, ta kasa tashi karɓar Jibi ranar naɗinta. Abin ya yi mata zafi, ba ƙarya. Sai Asabar za ta samu Fada, kafin nan kuma akwai tafiya Kwaciri, ta durƙusa wa yarinyar da ba ta wuce sa'ar 'yarta ba ta faɗa mata da bakinta. Amma ba ta sunkuyar da kai ba. Ta zauna ɗam da ɗamararta, tana kallon bayan farar rigar da ke tafiya a hankali cikin layi, hannuwa a haɗe.

Wata baƙuwa daga cikin 'yan Zariya, da ba ta san komai ba, ta miƙo kai daga bencin baya. "Anti, lafiya? Ko jiri ne?"

Uchechi ta girgiza kai. Ta nuna da haɓa, idonta ya cika da ruwa.

"Kin ga wancan mai farar rigar, na uku a layi?" ta ce. "Mijina ne."